Farin rubutun taya ya koma ruwan ɗorawa: omo, toka, bilic ko samfefa, wanne ya fi?

Tun ranar da na sa hoton Fijo 504 ɗin marigayi Baba a Facebook, wadda munka ɗauko amaryar ƙanena da ita daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, tambaya ɗaya ce ke ta shigo min, ba kan inji ba, ba kan fentin jiki ba, wai da me na wanke tayoyin har rubutun jikinsu ya fito fari fat haka. Wasu ma cewa sunka yi sababbi na saya don biki. Ba sababbi ba ne wallahi, shekararsu 3 a ƙarƙashin motar, kuma sati biyu kafin bikin da ka ga rubutun sai ka ce haƙoran tsohon da ya ƙare rayuwarshi kan goro. To na gaji da amsa wa mutane ɗaya bayan ɗaya, bari in zauna in zayyana abin da na gwada, da wanda ya yi da wanda ya ɓata min rana, kowa ya dubi tayarshi ya zaɓa.

Farin nan ba fenti ba ne, daga nan za mu fara don nan mutane ke ɓacewa. Ni kaina na daɗe ina ɗaukar wani fenti ne na musamman anka shafa a kamfani. Ashe roba ce fara, shimfiɗa guda anka saka a cikin gefen tayar tun wajen haɗa ta, sannan anka rufe ta da baƙar roba siririya, bayan an gasa tayar ta fito sai inji ya kankare saman haruffan da sunka yi tudu, farin da ke ƙasa ya bayyana. Shi ya sa in ka goga irin wagga taya da bakin kwalbati za ka ga fari ya leƙo a inda babu ko harafi ɗaya. Yayin ya samo asali ne daga Amurka, ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1970, zamanin su Mustang da Camaro, da tayoyi irin Goodyear Polyglas da Firestone Wide Oval, daga baya BFGoodrich Radial T/A ta zo. Mu nan yanzu mun fi ganinshi a tayoyin Hilux da Land Cruiser na manya, sai ɗaiɗaikun masu son tsofaffin motoci irina da ke sa a kawo musu na rim 14 don Fijo ko tsohuwar Marsandi. Abin da nike son ka riƙe shi ne farar robar tana da iyaka, ba ta da kauri sosai, duk abin da ka kankare ya tafi ke nan ba ya dawowa.

Ɗorawar kuma iri biyu ce, kuma ba maganinsu ɗaya ba. Akwai ta waje, wato jar ƙasarmu ta marmara, ƙurar hunturu, ƙurar birki, baƙin mai, taɓon damina in ka bi hanyar fadama, da man ƙyalli da yaran wankin mota ke shafawa. Wannan datti ne kawai, a sama yake zaune. Akwai kuma ta ciki, ita ce mai taurin kai. Masu yin taya suna zuba wani sinadari a cikin baƙar roba, sunanshi 6PPD, aikinshi shi ne kare roba daga ozon, wani sinadari da ke cikin iska mai tsattsaga ta, kuma an yi shi ne yadda zai riƙa tsattsafowa saman taya a hankali, in ya haɗu da iska sai ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa. In ka taɓa lura tayar da babu farin komai a jikinta ma tana yin wani ja-ja kamar an barbaɗa mata garin makuba, to shi ne. A baƙar roba ba ya damun kowa, amma in ya tsallaka ya shiga farar robar da ke maƙwabtaka da ita sai ya rina ta daga ciki, kuma zafi na ƙara mishi gudu, mu ko nan Kebbi watan Maris da Afrilu ma'aunin zafi na wuce digiri 40, balle a ce mota na tsaye a rana kan kwalta ko kan siminti. Wanga rini ba ya jin sabulu ko ka wuni kana dirza, don ba a kan robar yake ba, ya shiga fatar robar ta sama ne.

Yadda za ka gane wacce ke damunka ba wuya. Ɗauki tsohon buroshin haƙori da ɗan omo, ka zaɓi harafi ɗaya tak ka dirje shi minti 2, ka ɗauraye, ka bari ya bushe, kar ka yanke hukunci yana jiƙe don jiƙaƙƙiyar roba na yaudara. In ya fito fari, to datti ne, ka huta. In ya yi haske kaɗan amma ɗorawar na nan shimfiɗe bai-ɗaya ko'ina, ta ciki ce. Kuma tun kana tsugunne a wurin ka nemi inda anka rubuta DOT a gefen tayar, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin sati na 23 na 2019. In lambobi uku ka gani, tayar ta girmi shekarar 2000, wannan ba wanki take buƙata ba, a ba masu yanka takalmi da guga. 'Yan rod sefti namu shekara 4 suke faɗi, kamfanin Michelin kuma cewa yake ko taya na da kyau a ido kar ta wuce shekara 10. Na kawo wanga zance ne don tsofaffin motoci ba su cika tafiya ba, sai ka ga zanen taya cif kamar sabuwa alhali gefenta ya tsattsage kamar ƙasan fadama da rani, kuma tunda Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas, kusan duk tayar da muke takawa daga waje take zuwa, da yawa kuma kwance ne 'yan Kwatano da sun riga sun ci rabin shekarunsu kafin su iso. In ka ga tsaga a tsakanin haruffan, aje buroshi ka tafi neman taya.

To mu shiga magunguna. Omo da buroshi shi ne na farko kuma kowa da shi zai fara ko da me zai ƙare. Omo ko sabulun wanke-wanke na ruwa irin Morning Fresh, duk suna yi, na ruwan ya fi yanke maiƙo, na garin ya fi cin jar ƙasa. Sharaɗi dai taya ta huce, ka yi da safe ko bayan la'asar a inuwa, don in tayar na da zafi kumfar bushewa take yi nan take ta bar maka wani sabon tabo. Sai kuma wani abu da dattijon makaniken da ke duba min motar, wanda tun zamanin marigayi shi ke taɓa ta, ya nuna min: buroshi biyu. Ya iske ni ina dirzar baƙi da fari da buroshi ɗaya, ya tsaya yana kallona ya ce, "Kai yaro, wanga aiki da kaka yi, baƙin kaka kwasowa kana shafa ma farin, har gobe ba ka gamawa." Gaskiyarshi kuwa. Ka fara wanke baƙar robar duka da babban buroshi har kumfa ta daina fitowa ruwan ƙasa, ni sai da na yi zagaye uku a kowace taya, ka ɗauraye, sannan ka ɗauko ƙaramin buroshi mai tsabta ka bi haruffa kaɗai. Kuɗin da za ka kashe bai taka kara ya karya ba, ba abin da zai lalata, aibinshi kawai shi ne iyakarshi datti. A tayoyina ya cire kamar rabin abin, sauran ya tsaya yana kallona.

Mataki na gaba su ne masu ɗan kaushi, kuma nan ne na fi daɗewa don nan ne abin mamaki ya fito. Na gwada makilin, na gwada bekin soda, na gwada hodar goge tukunya irin Vim, na gwada toka. Makilin yana yi amma wasa ne, harafi uku za ka yi ka ga rabin tub ya tafi, ga shi kaushinshi an yi shi ne don haƙori, ya yi laushi da yawa. Bekin soda in ka dama shi da kauri kamar kunun kanwa ya fi makilin, ba ya cin hannu, bai cika taɓa rim ba. Hodar goge tukunya ta fi su biyun cizo, da ita na fara ganin farin gaske a gefen haruffa. Amma wadda ta ba ni kunya ita ce toka, habɗi dai na murhu, wanda uwargida ta miƙo min tana dariya ta ce tunda na ƙwace mata makilin da hodar tukunya to ga abin da kakanninmu ke goge kwano da shi. Na tankaɗe ta da rariya don kar tsakuwa ko gawayi su shiga, wannan tankaɗen dole ne, gawayi ɗaya zai ja maka baƙin layi, na dama da ɗan ruwa da omo, na shafa na bar shi minti 5 sannan na dirza. Wallahi sakamakon bai bambanta da na hodar kanti ba. Dalili ko a fili yake, tokar itace tana da kaifi irin na kanwa mai narkar da maiƙo, ga kuma ɗan gari-garin da ke kankare sama a hankali, aiki biyu a lokaci ɗaya. Ita kanta kanwa in an jiƙa tana yanke maiƙo, sai dai ka nemi fara, ja tana zuwa da nata launin. Abin kiyayewa da toka da kanwa duka shi ne rim, in na alminiyom ne wanda anka goge yana ƙyalli suna dusar da shi su bar mishi fari-fari, don haka a ɗauraye da wuri kar a bari ya zauna. In rim ɗin ƙarfe ne mai fenti da wil-koba irin na Fijo, cire wil-kobar ka aje gefe ka yi aikinka hankali kwance.

Lemun tsami mutane da yawa sun ce in gwada. Yana da wurinshi amma ƙarami ne: in tabon ja ne irin na tsatsa, daga jar ƙasa ko ƙurar birki, tsamin na sassauta shi. Ɗorawar ciki ko a jikinta. Masu haɗa lemun tsami da bekin soda kuma don sun ga yana tafasa yana kumfa, kumfar ce kawai ke burge su, ɗaya na kashe ƙarfin ɗaya ne, ka ƙare da ruwan gishiri.

Sai bilic, wanda shi ne abin da kowa ke fara kawowa, don a tunaninmu duk abin da ya yi fari to bilic ne maganinshi, tunda shi ke fitar da farar shadda. Ban ce ba ya aiki ba. Na gwada a taya ɗaya ta baya, ya yi haske a take har na fara murna. Amma shadda zare ce, taya roba ce, kuma sinadarin kulorin da ke cikin bilic cin roba yake, yana busar da samanta ya sa ta yi gari-gari, ga shi ba a harafi kaɗai yake tsayawa ba, gangarowa yake kan baƙin ya mayar da shi toka-toka, ya sauka kan rim ya taɓa ƙarfe, ya fallatsa a wando. Abin da ya fi ba ni haushi, farin bai daɗe ba, bayan 'yan kwanaki tayar da na yi wa bilic ita ta riga sauran komawa ɗorawa, kuma saman haruffan ya yi kaushi yana kama ƙura fiye da da. In mutum ya nace sai ya yi, to a tsarma shi da ruwa sosai, a shafa da auduga a kan harafin kaɗai, a ɗauraye cikin minti ɗaya, sau ɗaya ba kullum ba. Kuma don Allah kar wanda ya haɗa bilic da lemun tsami ko ruwan kal ko maganin wanke masai, haɗin na tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, a cikin gareji rufaffe abin ba wasa ba ne. Ni dai na cire shi daga lissafi.

Fetur, kananzir, tina, da feshin wanke kafireto, waɗanga su ne gyaran gangar Auzinawa. Wata rana, tun kafin maganar biki, na kai motar wani wurin wanki a cikin gari na tafi masallaci, ina dawowa na iske yaron da tsumma da gorar fetur ya gama da taya ɗaya yana kan ta biyu, yana ganina ya washe baki, "Alhaji dubi yadda ta fito, sabuwa dal." Ta fito kam, ba ƙarya ya yi ba, don fetur narkar da saman robar yake yi, dattin ya tafi tare da ita. Matsalar ita ce ba farar kaɗai yake narkarwa ba, yana jiƙa baƙar ma ya jawo rininta da wancan sinadari na ciki ya shimfiɗa a kan haruffa, ya kuma tsotse man da ke sa roba laushi. Bayan sati biyu tayoyin nan biyu sun fi waɗanda bai taɓa ba duhu, kuma su ne sunka fi wahalar da ni daga baya. Ban ga laifin yaron ba sosai, abin da ya ga ana yi ne, mai mota na son ya ga fari kafin ya biya, abin da zai faru bayan sati biyu kuma ba a gabanshi za a yi ba. Wuri ɗaya na yarda da kananzir, in kwalta ce ta manne a harafi, ɗigo ɗaya a tsumma ka cire ta, ka bi da sabulu nan take.

Abin da ya gama min aiki shi ne samfefa, ta ruwa, irin wadda masu fentin mota ke gogar fota da ita, baƙa-baƙa ɗin nan, ba jar ta kafintoci ba. Tunda rinin a fatar sama yake, to fatar za a ɗage, ba wata dabara. Lambar da ke bayan takardar ita ce magana, ƙaramar lamba kaushi, babbar lamba laushi. Na sayi 400 da 600 da 800 wurin masu sai da kayan fenti. 400 na da sauri amma tana barin zane kuma tana cin roba da yawa, ban sa ta ba sai a tayoyi biyun da fetur ya taɓa. 600 ita ce daidai ga yawancin aiki. 800 ta gamawa ce, tana mayar da saman sumul, kuma wannan sumul ɗin ba ado ba ne kawai, roba mai santsi ba ta riƙe ƙura kamar mai kaushi. Yadda na yi, na yanko ɗan katako kamar kwalin ashana na naɗe samfefar a jiki, don in da yatsa ka danna takardar na lanƙwasawa ta sauka kan baƙin da ke kewaye, ka dawo gidan jiya. Na jiƙa ta cikin ruwan omo, ina goga a hankali gefe ɗaya, ina zuba ruwa a kai a kai, da na ga fari ya fito sai in tsaya, ba in ƙara don ya ƙara fari ba, garin neman gira kar a rasa ido. Za ka ga ruwa na gangarowa fari-fari kamar nono, wannan robar ce ke tafiya, shi ya sa nike cewa aikin sau ɗaya ne a shekara ko ma ƙasa da haka, ba na kowace Juma'a ba. Kowace taya ta ci min kusan minti 25, kuma na ɗaga motar da jak na juya tayar da hannu maimakon in yi ta tura mota gaba da baya, a sa dutse a tare sauran tayoyin dai. Masu irin rubutun da zagayen harafin ne kawai fari cikinshi baƙi, wanda ya fi yawa a tayoyin Hilux, ku ƙara hattara, layin siriri ne, ku yanka samfefar ƙarama ku tsaya kan 600 zuwa sama. Injin gurinda kuma ko a mafarki, daƙiƙa biyu ya isa ya share harafi.

Tsakanin toka da samfefa akwai abu biyu da sunka cancanci a ambata. Soson ƙarfe na wanke tukunya yana yi, a Amurka ma masu tsofaffin motoci sun daɗe suna amfani da irin mai sabulu a ciki, sai dai namu na kasuwa kaushinshi ba daidai yake ba, yana barin zane, kuma guntayen wayar na maƙalewa su yi tsatsa su zama jan ɗigo a kan farin. Ɗayan shi ne farin soson nan mai kama da katifa da ake kira Magic Eraser, wanda a zahiri samfefa ce mai laushi ƙwarai a siffar soso, da ruwa kaɗai ake amfani da shi. Ga ɗorawa mai sauƙi ya fi komai daɗin aiki, ba ya zane, amma narkewa yake kamar alewa, ɗaya ba ya gama taya biyu, kuma sai an yi oda ko an shiga babban kanti. Akwai kuma ruwan feshi da anka yi don wanga aiki musamman, wanda ya fi suna shi ne Bleche-Wite na Amurka, sunan ne kawai ya yi kama da bilic, shi kaifinshi irin na kanwa ne mai ƙarfi, ana fesawa a bari kaɗan a dirje a ɗauraye, shi ma ana kiyaye rim na alminiyom da fentin mota da ido, a sa safar hannu. In kana da mai zuwa daga waje ko kana iya oda, ya fi toka sauri da tsabtar aiki, amma aikin da yake yi dangin na toka da omo ne, in rini ya yi zurfi shi ma sai an bi shi da samfefa. Ban ga dalilin biyan kuɗin jirgi kan abin da murhu ke ba ni kyauta ba, sai in motocin ka da yawa.

Fenti kuma, na san wasu za su ce me ya kai ka duk wagga wahala, sayi farin fenti ko makar fenti ka bi haruffan. 'Yan acaɓa da masu Keke na yi, kuma ranar farko abin gwanin kyau. Amma gefen taya lanƙwasawa yake duk juyi ɗaya, fentin mai ba ya lanƙwasawa, tsagewa yake ya riƙa ɓarewa, fentin ruwa na bango kuma wanki ɗaya ya tafi, tifes ɗin ofis ma kar a fara. Ko makar da anka yi don taya, wancan sinadari na ciki na ratsa ta ya rina ta, sai ka riƙa maimaitawa. Fenti na da hujja a wuri biyu kawai, in tayar dama baƙin rubutu gare ta kana son ka yi mata ado, ko farar robar ta riga ta cinye. Amma a shafa fenti a kan farar roba mai rai, an rufe abu mai kyau da marar kyau ke nan, kuma ranar da za ka cire shi sai ka koma ga tina ɗin da munka ce a guje.

In zan ba mutum shawara gwargwadon halin da yake ciki: wanda gwajin harafi ɗaya ya nuna mishi datti ne, omo da buroshi biyu sun ishe shi, kar ya taɓa komai bayan haka. Wanda ɗorawar ta fara amma ba ta yi duhu ba, toka tankaɗaɗɗiya ko hodar tukunya, in rim ɗinshi alminiyom ne mai tsada ya koma bekin soda ko farin soso. Wanda nashi ya kai ruwan goro kamar nawa, ya wanke tukun, sannan 600 da ruwa, ya gama da 800, tayoyi huɗu aikin safiya ɗaya ne. Wanda kuma ba ya da lokacin tsugunno kwata-kwata, akwai hanyar da ba a cika faɗi ba, yawancin irin waɗanga tayoyi gefe ɗaya ne ke da farin rubutu ɗayan baƙi ne, ka kai wa mai faci ya juya maka su farin ya koma ciki, a sake balansin, ka huta har tayar ta ƙare. A duba dai in tayar mai kibiya ce da ke nuna inda take juyawa, ko an rubuta gefen waje da na ciki, kar a juya ta barkatai.

Ɗorawar za ta dawo, wannan kam babu makawa tunda daga cikin tayar take fitowa, abin da kake iyawa shi ne rage mata sauri. Babban mai dawo da ita da wuri shi ne man ƙyallin taya, musamman haɗin gida da wasu wuraren wanki ke yi da baƙin mai ko man birki, yana gangarowa kan haruffa ya jiƙa su ƙura ta manne. Yanzu in na kai wanki tun daga bakin ƙofa nike cewa a wanke taya da sabulu kawai kar a shafa mata komai, kuma ina tsayawa a wurin. A gida duk sati ina bin haruffan da ƙaramin buroshi da omo, minti 10 ne duka huɗun. Motar tana kwana a rumfa, in dole ta tsaya a rana ina jingina kwali a tayoyin ɓangaren da rana ke duka, kuma ina fita da ita ko zagayen gari ne sau ɗaya a sati don tayar da ke tsaye wuri ɗaya ta fi saurin tsagewa. Masu aje tayoyi a ɗaki, kar ku ɗora farin gefen wata a kan baƙin gefen wata, rini na tsallakawa, a haɗa fari da fari ko a sa kwali a tsakani. In kuma sabuwa ka saya ka ga rubutun shuɗi ne, ba kuskure ba ne, kariya ce anka shafa don kar ya ɓaci a hanya, ruwan ɗumi da sabulu da buroshi ke cire shi, kar ka bari mai faci ya sa mishi fetur. Nawa yanzu wata 4 ke nan da yin samfefar, na gaba biyu na nan fari, na baya na dama, wanda na yi wa bilic, ya fara ɗan canza launi a harafi biyu na ƙarshe, shi zan bi da toka ranar Asabar in Allah ya kai mu.